Mutumin da ƙarfe ya ratsa kansa bai mutu ba, amma halinsa ya sauya

Da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Laraba, 13 ga watan Satumban 1848, wasu leburori suna fasa dutse domin shimfiɗa layin dogo a kusa da wani ƙaramin gari mai suna Cavendish, a jihar Vermont ta Amurka.

Shugabansu matashi ne ɗan shekara 25 mai suna Phineas Gage. Aikin ba baƙo ba ne a wurinsa: a huda rami a jikin dutse, a zuba albarushi, a sa igiyar kunna wuta, a rufe da yashi, sannan a daddanna da wani dogon ƙarfe kafin a tayar.

Ƙarfen nasa ne, wani maƙeri ya ƙera masa. Tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, kaurinsa santimita uku, nauyinsa kilo shida, kuma bakinsa ɗaya yana da tsini.

Ana kyautata zaton a wannan ramin ba a zuba yashin ba. Hankalin Gage ya koma kan yaran aikinsa da ke bayansa, ya waiwaya, ƙarfen ya daki dutse ya yi tartsatsi, albarushi ya tashi.

Ƙarfen ya shiga ta ƙarƙashin ƙashin kuncinsa na hagu, ya bi ta bayan ido, ya ratsa gaban ƙwaƙwalwarsa, ya fasa ƙoƙon kansa ta sama, ya je ya faɗi can a nisan kimanin mita 25.

Gage bai mutu ba. Bayan 'yan mintoci ya yi magana. Aka ɗora shi a keken shanu, yana zaune, aka kai shi masaukinsa a cikin gari. Likitan da ya fara zuwa, Edward Williams, ya tarar da shi a kan kujera a ƙofar masaukin yana ba mutane labarin abin da ya faru, har ya ce wa likitan ga aiki nan ya same shi.

Fiye da shekara 170 ke nan, amma har yau da wuya ɗalibin likitanci ko na nazarin halayyar ɗan Adam ya gama karatu bai ji sunan wannan mutum ba. Tsirar da ya yi abin mamaki ce. Amma abin da ya sa ake ta maimaita labarinsa shi ne abin da ya biyo baya.

Me ya sa bai mutu nan take ba?

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kilo ɗaya da rabi ba. Kusan kashi 2 cikin 100 ce na nauyin jiki, amma tana cinye kimanin kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa. Kuma ba dunƙule ɗaya ba ce mai aiki ɗaya. Sassa gare ta, kowane da abin da ya fi ƙwarewa a kai.

Can ƙasa, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da lakar gadon baya, akwai wani ɓangare da za a iya kira tushen ƙwaƙwalwa. Shi ke kula da numfashi da bugun zuciya da hawan jini da farkawa daga barci. Idan ya lalace, rayuwa ta zo ƙarshe. A bayansa, wajen ƙeya, akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai daidaita tafiya da tsayuwa. Sashen da ke fassara abin da ido ya gani shi ma yana ƙeya ne, ba kusa da idon ba.

Ƙarfen Gage bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ta bayan goshi ya bi. Shi ya sa ya ci gaba da numfashi, yana magana, yana gane mutane, yana tafiya da ƙafarsa.

Abin da ya kusa kashe shi shi ne ruɓewar raunin. A lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba a ma san su ne ke sa rauni ya yi mugunya ba. Bayan kimanin kwana goma ya fita hayyacinsa, har danginsa suka tanadi akwatin gawa. Likitan da ya karɓi jinyarsa, John Martyn Harlow, ya tsaga wurin da mugunyar ta taru ya fitar da ita. A ƙarshen watan Nuwamba Gage ya koma gidan iyayensa a jihar New Hampshire. Idonsa na hagu ya mutu, amma ya warke.

"Wannan ba Gage ba ne"

Kafin hatsarin, masu kwangilar da yake wa aiki suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kowa iya aiki a cikin shugabannin leburorinsu: mai natsuwa, mai tsari, idan ya sa abu a gaba sai ya ga ƙarshensa.

Da ya dawo neman aikinsa, sai suka ƙi mayar da shi.

Likita Harlow ya bayyana dalili a wani rahoto da ya gabatar a 1868, shekara 20 bayan hatsarin. Ya ce Gage ya koma mutum marar haƙuri, mai ashariya, abin da ba a san shi da shi ba a da. Ba ya ganin girman kowa, ba ya jure a ba shi shawara idan ta saɓa wa son ransa. Yakan tsara abin da zai yi, kafin a jima ya watsar ya kama wani. Abokansa suka ce wannan ba Gage ɗin da suka sani ba ne.

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne. Ga shi kuwa an wayi gari da mutumin da hannunsa lafiya, ƙafarsa lafiya, bai manta sunan kowa ba, amma haƙurinsa da kunyarsa da iya tsara al'amuransa sun ragu saboda wani yanki na nama a bayan goshinsa ya lalace.

A yau wannan ba zai ba likita mamaki ba. A wancan zamani babbar magana ce. Mutane sun daɗe suna jingina tunani da hali ga zuciya, kamar yadda har yanzu ake cewa wane mai zuciya ne, ko zuciyarsa ta yi fari. Misirawan dā sukan zubar da ƙwaƙwalwa idan za su adana gawa, su bar zuciya a cikinta. Aristotle ya ɗauka aikin ƙwaƙwalwa sanyaya jini ne. Akwai waɗanda suka hango gaskiya tun da wuri, irin su Hippocrates, sannan Ibn Sina, wanda ya danganta tunani da tuna abu ga sassa daban-daban na ƙwaƙwalwa. Sai dai hange daban, hujjar da ido ya gani daban.

Hujjar ta ƙara ƙarfi a 1861 a birnin Paris na Faransa. Wani likita mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci da ya shafe shekaru ba ya iya furta komai sai kalma ɗaya, "tan", duk da cewa yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Da ya rasu aka buɗe kansa, sai aka ga lalacewa a wani wuri a gefen hagu na gaban ƙwaƙwalwa. Har yau sunan Broca ake kiran wurin da shi.

Wannan ne ya sa mai shanyewar ɓarin jiki na dama sau da yawa maganarsa ke tafiya tare da hannunsa. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa ɓarin jiki na dama, kuma a yawancin mutane a can ne cibiyoyin magana suke.

Yadda saƙo ke tafiya a cikin kai

Idan aka sa ƙwaƙwalwa a madubin ƙara girman abu, abin da za a gani shi ne ƙwayoyin jijiya. Ƙidayar da wata masaniya 'yar Brazil, Suzana Herculano-Houzel, ta yi tare da abokan aikinta a 2009 ta nuna sun kai kimanin biliyan 86.

Kowace ƙwaya tana da rassa kamar na bishiya da take karɓar saƙo da su, da kuma doguwar jela guda da take aika nata. A cikin ƙwayar, saƙon yana tafiya ne a matsayin ɗan ƙaramin lantarki. Yawancin dogayen jelolin a naɗe suke da wani farin kitse, kamar yadda ake naɗe wayar wuta da roba, kuma wannan rufi ne ke sa saƙo ya yi gudun da kan haura mita 100 a daƙiƙa ɗaya.

Wani likita ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, shi ya nuna cewa ƙwayoyin ba a manne suke da juna ba. Tsakanin wannan da waccan akwai ɗan giɓi, ƙarami ƙwarai, wanda sai an jera sama da dubu kafin su kai kaurin silin gashi. Ya samu kyautar Nobel a 1906.

To ta yaya saƙo ke tsallake giɓin? Amsar ta fito daga zuciyar kwaɗo. A 1921 wani masani mai suna Otto Loewi, a birnin Graz na Ostiriya, ya ciro zukatan kwaɗi biyu ya sa kowace a ruwan gishiri, suna ci gaba da bugawa. Ya tsikari jijiyar da ke rage bugun ta farko da lantarki, bugun ya ragu. Sai ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, wadda bai taɓa ba. Ita ma bugunta ya ragu. Ashe jijiyar wani sinadari take fitarwa. Loewi ya ce a mafarki dabarar gwajin ta zo masa.

Ke nan lantarki ne a cikin ƙwaya, sinadari kuma a tsakanin ƙwayoyi. Wasu sinadaran suna ce wa ƙwaya ta gaba ta tashi, wasu suna ce mata ta dakata. Kowace ƙwaya tana iya karɓar dubban irin waɗannan saƙonni a lokaci guda, ta auna su, sannan ta aika ko ta yi shiru. Duk abin da mutum ya yi, daga ƙifta ido zuwa haɗiye baƙar maganar da ta zo masa baki, ta wannan hanya yake bi.

A nan ne magunguna da kayan maye suke samun ƙofa. Giya tana ƙarfafa saƙon dakatawa, shi ya sa mashayi ke tangaɗi, harshensa ya yi nauyi. Kodin da tiramadol suna maƙalewa a wuraren da aka tanadar wa sinadaran rage zafi na jiki, kuma idan suka yi yawa sukan kai ga tushen ƙwaƙwalwa su rage numfashi. Cutar karkarwar jiki ta Parkinson, wadda ɗan dambe Muhammad Ali ya yi fama da ita, tana faruwa ne idan ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin suka mutu.

Birkin da ke bayan goshi

Wurin da ƙarfen ya lalata a kan Gage shi ne sashen goshi. Aikinsa ya haɗa da tsara abin da za a yi, auna sakamako kafin a aikata, riƙe hankali a kan abu ɗaya, da danne abin da rai ya raya idan bai dace da wuri ko lokaci ba.

Can cikin ƙwaƙwalwa kuma akwai wasu ƙananan sassa masu saurin amsawa. Ɗaya daga cikinsu ita ce amigdala, wadda ba ta fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, mai gano haɗari ta tayar da tsoro ko fushi kafin mutum ya gama tunani. Idan wani ya taka ka a kasuwa bai ce ka yi haƙuri ba, jikinka zai ɗauki zafi nan take. Abin da ke tuna maka cewa dattijo ne, ko cewa faɗan ba zai amfane ka da komai ba, yawancinsa aikin sashen goshi ne.

Wannan sashe ne ke gama nuna a ƙarshe. Yana ci gaba da ƙosawa har mutum ya kai shekara 25 ko kusa da haka. Saurayi ɗan shekara 17 da ke wasa da babur a tsakiyar titi ya san zai iya faɗuwa. Injinsa ne ya riga birkinsa ƙarfi.

Sai dai kada a ɗauka akwai wani ɗan akwati a ƙwaƙwalwa da aka rubuta "kunya" a kansa, wani kuma "haƙuri". An taɓa yin masu wannan da'awa a zamanin Gage, suna shafa ƙoƙon kan mutum su faɗi halinsa, kuma ta tabbata shirme ne. Hali yana fitowa ne daga yadda sassa da yawa ke magana da juna.

Wani bincike da John Van Horn da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna haka a kan Gage kansa. Sun yi amfani da hotunan ƙoƙon kansa suka kwaikwayi hanyar ƙarfen a kwamfuta. Ƙiyasinsu shi ne ƙarfen ya lalata kusan kashi 4 cikin 100 na ɓawon ƙwaƙwalwa, amma ya shafi kusan kashi 11 cikin 100 na fararen wayoyin da ke haɗa sassa. Ɓarnar da aka yi wa hanyoyin sadarwa ta fi wadda aka yi wa wurin kansa.

Rabin labarin da ba a cika faɗa ba

Littattafai da yawa a nan suke tsayawa, wasu ma su ƙara gishiri. An rubuta cewa Gage ya zama mashayi, ɗan iska, marar aikin yi, har da masu cewa yana cutar da matarsa da 'ya'yansa, alhali bai taɓa aure ba.

Wani masanin halayyar ɗan Adam daga Ostareliya, Malcolm Macmillan, ya shafe shekaru yana bin diddigin takardun asali, ya wallafa littafi a kan batun a shekarar 2000. Abin da ya gano ya sauya yadda ake kallon labarin.

Gaskiya ne Gage ya yi ɗan lokaci yana nuna kansa da ƙarfensa ga 'yan kallo, har a birnin New York. Amma daga baya ya yi kusan shekara ɗaya da rabi yana aiki a wani bargar dawaki a New Hampshire. A 1852 kuma ya tafi ƙasar Chile, inda ya shafe kimanin shekara bakwai yana kula da dawaki da tuƙa keken fasinja mai dawakai shida a hanyar Valparaíso zuwa Santiago.

Duk wanda ya san aikin direban mota mai dogon zango zai gane abin da wannan ke nufi. Sai an tashi da asuba, a ciyar da dawaki, a ɗaura musu kaya, a loda jakunkuna, a karɓi kuɗi, a ba da canji, a yi wa fasinja magana mai daɗi, sannan a riƙe linzamin dawakai shida na sa'o'i a kan hanya marar kyau, da ido ɗaya, a ƙasar da ba harshensa ake yi ba. Mutumin da Harlow ya siffanta, wanda ba ya iya tsayawa kan abu ɗaya, ba zai yi wata guda a wannan aiki ba, balle shekaru.

Ra'ayin Macmillan shi ne munanan sauye-sauyen sun fi tsanani ne a shekarun farko, daga baya Gage ya farfaɗo sosai, kuma tsarin aikin, abu ɗaya a lokaci ɗaya kowace rana, shi ya taimaka masa. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani yanzu. Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa, amma waɗanda suka rage suna iya ƙulla sababbin mahaɗai, su ƙarfafa hanyoyin da ake yawan bi. A kan wannan ne aka gina gashin ƙashi da koyar da magana da ake yi wa masu shanyewar ɓarin jiki.

Ba sai ƙarfe ya ratsa kai ba

Raunin sashen goshi ba tsohon labarin Amurka ba ne kawai. Ƙwaƙwalwa tana da laushi, tana iyo ne a cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, kuma ƙashin da ke ƙarƙashin sashen goshi yana da kaushi. Idan kai ya bugu da ƙarfi, ƙwaƙwalwar kan yi gaba ta gogi wannan ƙashi. Shi ya sa a hatsarin mota da babur wannan sashe yana cikin waɗanda suka fi jin rauni, ko da fatar kai ba ta fashe ba.

A garuruwa da ƙauyukan arewacin Najeriya da Nijar, babur ne abin hawan yau da kullum, hular kwano kuwa ba kasafai ake ganinta ba. Lokacin da aka fara tilasta sanya ta a Najeriya a watan Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a kai don su wuce jami'an kiyaye haɗurra. Abin ya ba da dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce hular da aka sa daidai tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100.

Abin da ya fi wuya shi ne bayan an sallami majinyaci. Karaya ta ɗoru, ɗinki ya warke, 'yan dubiya sun daina zuwa. Sai matarsa ta lura ya koma mai saurin fushi, yana faɗin maganar da bai saba faɗa a gaban surukai ba, yana kashe kuɗi ba lissafi, ko kuma ya zauna shiru ba ya sha'awar komai. Wasu su ce sammu aka yi masa, wasu su ce iska ce, wasu su ce dama halinsa ne ya ɓoye. Ba kowa ke tuna faɗuwar da ya yi wata shida da suka wuce ba. Shi kansa majinyacin sau da yawa ba ya ganin ya sauya, domin sashen da zai auna kansa da shi ne ya ji raunin.

Irin wannan sauyi abu ne da ya kamata likitan ƙwaƙwalwa ya duba, kuma a faɗa masa labarin hatsarin ko da ya daɗe. A kwanakin farko bayan buguwar kai kuwa, amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, ruɗewa, jijjiga, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, alamu ne na a garzaya asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba, domin jini na iya taruwa a cikin kai a hankali.

Ƙarshen Gage

A 1859 lafiyarsa ta taɓarɓare, ya bar Chile ya koma wajen mahaifiyarsa da 'yar'uwarsa a San Francisco. Da ya ɗan ji sauƙi ya sake neman aiki, a gona. A watan Fabrairun 1860 farfaɗiya ta fara kama shi, abin da tabon rauni a ƙwaƙwalwa kan haifar ko bayan shekaru. Ya rasu ranar 21 ga watan Mayun 1860 yana da shekara 36, kusan shekara 12 bayan hatsarin.

Ba a buɗe kansa an duba ƙwaƙwalwar ba. Bayan 'yan shekaru Harlow ya roƙi iyalinsa, aka tono ƙoƙon kan aka kai masa tare da ƙarfen. Dukansu biyu suna ajiye a gidan adana kayan tarihi na makarantar likitanci ta Jami'ar Harvard.

Sai a 2009 duniya ta ga fuskarsa. Wasu ma'aurata masu tara tsofaffin hotuna sun daɗe da wani hoto na wani mutum mai ido ɗaya a rufe, riƙe da dogon ƙarfe, suna zaton mafaraucin kifin teku ne da mashinsa. Da suka sa shi a intanet, wani ya ce anya ba Gage ba ne? Aka gwada tabon goshin da rubutun da ke jikin ƙarfen, suka yi daidai.

A hoton yana sanye da kwat, gashinsa a taje, yana kallon mai ɗaukar hoton kai tsaye, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu.